Matajin Nanay a Cikin Doki

Paete, Yuni 1994

Zuwa ga yayata, Ate Pacing,

Gaisuwa mai yawa daga ni da matata Nenita da yara. Da fatan kina lafiya, tsohuwar da kike jinya a Milan kuma ba ta ba ki wahala.

Dokin katakon ya kammalu. Shi ne na ƙarshe a dawakan da Mang Kardo ya ba mu aiki na lilonsa mai juyawa da yara ke hawa. Tatay, mahaifinmu, da kansa ya sassaƙa kan, ni na yi ƙafafu, don hannunsa ya fara rawa. Kafin mu rufe cikin dokin mun yi yadda kika ce, kowa ya kawo abin da zai bar wa jikoki su gani ranar da za a buɗe shi gyara. Na sa hoton bikinmu. Yara sun sa haƙoransu na famfara. Maƙwabciyarmu Aling Sabel ta kawo takalmin jaririnta da ya rasu.

Tatay ya yi ta sauraron kaset ɗin da kika aiko, inda kike roƙonsa ya sa matajin Nanay, marigayiya mahaifiyarmu, wanda ya sassaƙa mata tun yana neman aurenta. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ajiye a ciki, ya kira sunanta ya ce, "To hau, Choleng. Da ranki kin ce jiri yake sa ki." Muka shafa gam, muka buga turaku, aka yi fenti.

Bayan Mang Kardo ya ɗauke dokin, sai Tatay ya wayi gari yana laluben aljihu. Ya ce, "Ina matajin uwarku?" Na ce, "Tatay, ai kai ka sa shi a doki." Ya ce, "Ni? Ni zan rufe ta a akwati?" Da ya ga ba wasa nake ba, ya zauna a ƙasa ya ce, "Isyong, me ke faruwa da kaina?" Ate, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Yanzu kullum sai ya nema, ni kuma ban sake gaya masa ba. Sai in ce za mu duba.

Ƙaninki,
Isyong

*

Milan, Yuli 1994

Zuwa ga ƙanena Dionisio,

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga kowa a gida, na karanta wasiƙarka.

Wannan mantuwar tsufa ce, kada ka ɗaga hankalin kowa. Tsohuwar da nake kula da ita kullum sai ta tambayi mijinta da ya daɗe da mutuwa. Nakan ce ya tafi kasuwa, ta ci abincinta.

Kai masassaƙi ne. Ka sami guntun itace ka yi wani matajin, ka shafe shi da man kwakwa ya yi duhu. Ka tuna haƙorin matajin ɗaya ya karye a gefe. Dokin kuwa kada ka taɓa shi, ba kayanmu kaɗai ke ciki ba. Ka yi yadda na ce, kada ka tsaya dogon tunanin nan naka.

Ka gaida Tatay, ka sumbaci hannunsa a madadina.

Yayarka,
Pacita

*

Paete, Agusta 1994

Ate,

Ina gaida ki. Yara lafiya.

Na yi yadda kika ce. Ni kaina da na gama sai da ya ruɗe ni. Na ba Nenita ta ajiye masa kusa da kofinsa da safe, kamar tsintarsa ta yi a shara.

Ko kallonsa bai yi ba, yatsa kawai ya bi da shi. Ya ce, "Wannan aikin jaki ne. Nawa itacen lanite ne." Sai ya ɗago ya dubi Nenita, ya ce, "Kin sayar da na gaske, kin kawo min wannan."

Da a ɗaki ya tsaya da sauƙi. Ranar bikin waliyyi Santiago, gida cike da baƙi, har da iyayen Nenita, tana miƙa masa shinkafa ya ture farantin, ya ce, "Ba na cin abincin ɓarauniya." Nenita ta dube ni. Matar da ke yi masa wanka, ita ke yanke masa farce. Kalma ɗaya take jira daga bakina.

Ban faɗa ba, Ate. Na tuna yadda ya zauna a ƙasa rannan, na ga ba zan iya mayar da shi can a gaban mutane ba. Abin da na iya cewa shi ne, "Tatay, ci abinci."

Da yamma ta haɗa kayanta. Na ce, "Ai kowa ya san ba shi da lafiya." Ta ce, "Shi ba shi da lafiya. Kai fa, mene ne ciwonka?" Ta tafi gidansu a Pakil da ƙaramar 'yarmu.

Mang Kardo ya wuce da lilon zuwa wasu garuruwa. An ce dokinmu yara suka fi rububi.

Isyong

*

Milan, Agusta 1994

Isyong ƙanena,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a kicin, na kasa zama.

Ni na jawo wannan. Na san mataji ba ya barin aljihunsa tun rasuwar Nanay. Amma na so in ji da hannuna a cikin abin, tunda ba ni a jana'iza, ba ni a komai. Na zauna a nan na yi magana a kaset, ku kuka ɗauki nauyin. Sannan na koya maka ƙarya, ka kuwa sa ta a hannun Nenita.

Jiya ina taje wa tsohuwar nan gashi ta ce hannuna da taushi, 'ya'yana sun yi sa'a. Na ci gaba da taje gashin.

Ka nemo Mang Kardo ka buɗe dokin. Amma ka fara zuwa wurin Aling Sabel. Na rubuta wa Nenita daban.

Ate

*

Paete, Satumba 1994

Ate Pacing,

Ina gaisuwa.

Na je wa Aling Sabel. Ta ce, "Buɗe, amma kada ka fito da takalmin, ba na so in sake ganinsa." Mang Kardo kuwa na same shi a Siniloan. Ya yi ta mita, wai mun sayar masa da doki mai ciki, yanzu mun zo karɓar haihuwa. Ƙarshe dai ya sa aka sauke dokin daga ƙarfensa.

Na tafi da Tatay don babu wanda zan bar wa shi. Ina ɗora zarto ya buge min hannu. "Ba nan ba, wawa. Turaku suna ƙasan sirdi." Ya karɓi kurfin sassaƙa ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ko fentin bai ɓata ba. Bai san dalilin zuwanmu ba. Na zura hannu, na kauce wa takalmin, na ciro mataji. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce, "Wa ya kai shi nan?" Na ce, "Mu ne, Tatay, ni da Ate." Ya ce, "Ba ku da hankali." Muka rufe dokin.

A hanya ya tambaye ni ina Nenita, wai ya gaji da ɗanyar shinkafata. Bai tuna komai ba. Ba zai ba ta haƙuri a kan abin da bai san ya yi ba, wannan nawa ne. Ranar Lahadi za mu je Pakil.

Ƙaninki,
Isyong

*

Pakil, Oktoba 1994

Ate,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, na gode. Turaren da kika haɗo na ba mahaifiyata.

Sun zo. Isyong ya faɗi gaskiya a gaban iyayena, abin da ya kamata ya yi tun ranar biki. Tatay yana zaune yana kallon kaji. Da za su tafi ya ja ni gefe, ya danƙa min matajin, ya rage murya ya ce, "'Yata, ajiye min. Akwai ɓarawo a gidanmu, ke kaɗai na yarda da ke."

Na karɓa. Kullum da rana ina zuwa in yi masa wanka, in nuna masa matajin, in dawo nan in kwana. Ni da ƙaninki ba mu gama magana ba.

Kada ki sake aiko kaset. Ki zo, tun yana gane fuska.

Taki,
Nenita