Na'urar Alhaji Ja'afaru

Adjamé, Abidjan

Ƙanena Lukumanu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da Inna, da matarka Huda. Allah ya ƙara mata ƙarfin jiki.

Hasana, ma'aikaciyar jinyar asibitin garinmu da ka turo min, ta iso lafiya. Kai, yarinyar nan akwai hankali! Wata makaranta a unguwar Treichville ta ba ta gurbin koyon aikin sa majinyaci barci lokacin tiyata, amma sai an biya kafin ƙarshen wata. Ka fi ni sanin halin da ake ciki: muna da likitan fiɗa, ba mu da mai sa barci. Ba don tsawon rai ba, da Huda ta rasu a hanyar Maradi ranar da haihuwa ta gagara.

Na rufe rumfar atamfata ina bin 'yan garinmu shago shago. Mata masu albasa a kasuwar Guro suna jin bayani suka kwance bakin zane, don kowacce ta san wadda ta rasu a mota a hanyar asibiti. Maza kuwa dariya suka mayar da ni. Wani mai sayar da wayoyi a kasuwar Black Market har tambayata ya yi wai shi barci ma sai an je makaranta? Na haɗiye fushina don ina nema. Abin da na tara na kai asusun ƙungiyar 'yan garinmu, Juma'a za a zauna a cika sauran.

A gaida Inna.

Yayarka,
Zalihatu

*

Ƙanena Lukumanu,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna da Huda? Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni, raina a ɓace yake.

An zauna. Alhaji Ja'afaru, shugaban ƙungiya, ya ce kashe kuɗi a kan budurwa sayen kifi a ruwa ne. Wai tana gamawa za ta ga hasken Abidjan, ta yi aure ta zauna. Ya dubi jama'a ya ce a nuna masa mutum ɗaya cikinmu da ya koma gida. Ba a samu ko ɗaya ba, don dukkanmu da sunan cin rani muka zo, ga mu da jikoki. Laifinmu ne, amma Hasana aka ɗora wa.

Suka yanke a sayi na'urar sa barci ta hannu, Alhaji zai cika kuɗin, a manna sunansa a jikinta. Har da kuɗin matan albasa aka haɗa. Na miƙe na tambaye su wa zai kunna ta, aka ce in zauna, Allah zai kawo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na je makarantar na roƙa, suka ce sun riga sun ba wani ɗalibi gurbin nata.

Ranar Talata na'urar za ta taso daga tashar Adjamé. Ka je ka tarye ta, ba don ita ba. Hasana tana cikin motar. Na ce ta zauna in nema mata aiki a nan, ta ce ta bar marasa lafiya a gida.

Yayarka mai ƙaunarka,
Zalihatu