Sunan da Na Soke da Jan Biro

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ni tsohon malamin firamare ne a nan Katsina, kuma na san a cikinku ba za a rasa wanda na taɓa zanewa ba. Don Allah ku ba ni shawara, wani abu ne na shuka tun ina saurayi, sai yanzu da furfura ya tsiro mini.

Na fara koyarwa lokacin da kuɗin man fetur suka ɓarke, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare kyauta. Aji ya cika maƙil, har a dandamalin taga ake zama. Mu kuma malamai mun riga mun raba yaran a cikin kanmu tun kafin su buɗe baki, 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kudu su ne masu kai, 'yan birni a lallaɓa, ƙauyawa kuwa a dai cika rajista. A can ƙarshen layi sai Buzaye, waɗanda fari ya koro daga Nijar suka kama gadi a gari. Akwai yaronsu ɗaya a ajina, Agali, mahaifinsa yana gadin sito na siminti a wajen Ƙofar Durbi. Bayan aji na ajiye shi kusa da tsintsiya, amma duk lissafin da na rubuta a allo kafin in juyo ya gama, har haushi abin yake ba ni.

Da lokacin jarrabawar shiga sakandare ya zo, hedimasta ya ce ba kowa za a tura ba, in yi musu gwaji in kawo sunayen waɗanda suka fi. Na yi makin da hannuna, Agali ne na ɗaya, kuma da tazara. Wallahi ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ba ni ko goro, ni kaɗai na zauna na ce a raina waɗannan da damina ta gyaru za su tattara su koma, a yi asarar gurbi, in ma sun zauna ina aka taɓa ganin Buzu a kwaleji? Na sa jan biro na soke sunansa na ɗauko na ƙasa. Washegari mahaifinsa ya zo da rawaninsa, ya tsaya a bakin aji yana tambaya cikin ladabi. Na ce masa yaron bai ci ba, har na ƙara da cewa kowace ƙabila da baiwar da Allah ya yi mata, su tasu ba ta boko ba ce. Bawan Allah ya yi mini godiya, ya ce gara da na gaya masa gaskiya da wuri. Wannan godiyar har yau ita ke cina.

Ba su koma Nijar ba. Agali ya gaji gadi, yanzu shi ke tsaron wasu shaguna a Ƙofar Kwaya, hanyar da nake bi zuwa masallaci. Shi ma ya yi furfura, amma in ya hango ni sai ya miƙe, Malamina, Malamina, ya kawo kujera, ya zuba mini shayi. 'Yan kasuwar wurin in lissafi ya rikice musu shi suke kira, ya warware da ka, su yi dariya su ce Buzu da kwamfuta a kai, shi ma ya taya su dariyar. Ni kuwa sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai in ɓuge da tambayar iyali.

To makon jiya autansa Musa ya same ni a gida, ido jawur. Yaron ya samu gurbin karatun injiniya a jami'a, yayyensa sun ce za su ɗauki nauyi, amma uban ya kafe, ya samo masa gadi a wani gidan mai, ya ce in ya tafi makarantar ba da yawunsa ba. Sun yi ta kai ruwa rana, uwar ta yi kuka, limamin unguwa ya sa baki, ko gezau. Musa ya ce Baba Malam kai kaɗai yake jin maganarka. Na ɗauki sandata na tafi, na yi ta kawo masa misalai, zamani ya canza, ilimi ba ya da ƙabila. Ya bari na gama, ya yi murmushi ya ce, "Malam, mi ya sa za ka lallashe ni? Ina tsaye bayan ƙofa ranar da ka gaya wa Baba. Ni da nake ganin duk ajin ba kamata, ga yadda ta ƙare. Ba na so yaron nan ya tahi ya sha kunyar da na sha." Ashe ba ƙin boko yake ba, tausayin ɗansa yake ji. Na miƙe na ce masa ana kiran salla, alhali ko alwala ba a fara ba.

Na gaya wa uwargidana, ta ce in rufa wa kaina asiri, in nemi gafarar Allah, in bi ta wata hanyar. Ta ce mutumin da ya yi haƙuri da rayuwarsa don yana ganin ƙaddara ce, in ya ji cewa ni ne, da me zai kwana? Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoron ranar da zan wuce ya kau da kai. Amma na gwada duk wata hanyar, ba abin da zai motsa shi sai sanin cewa ya ci.

Saura kwana tara a rufe rajistar jami'ar. 'Yan uwa, in je in gaya masa shi ya zo na ɗaya? Ni kaɗai zan je, ko in tafi da liman? A gaban Musa ko a bayansa? Ku zage ni in kun so, na cancanta, amma ku ba ni shawara, don in na yi shiru har kwanakin nan suka cika, na soke suna na biyu ke nan a gida ɗaya.