Kofinka Ya Dawo Gida a Bushe

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, mai askin da ya fi kowa taurin kai a duniya,

Gaisuwa da ƙauna wadda ta fi ruwan damina yawa. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje na yi shi. An ce jininka ya yi ƙasa, an hana masu dubiya shiga, ni kuwa maganar nan ta fi ƙarfin cikina, shi ya sa na ba nas takardar ta miƙa maka.

Albishirinka! Kofinka ya dawo gida a bushe!

Shuɗin kofin robar nan nake nufi, wanda kake tofa yawu a ciki tun da ciwon dajin nan ya toshe maka hanyar abinci, har yawun bakinka ya gagare ka haɗiya. Ba ka iya haɗa magana biyu sai ka lalube shi. Jiya da isowata asibiti na wanke shi, na goge, na ajiye maka a kan durowa. Sai ka tasa ni gaba da faɗa: wai ka gaji, ruwan kemo, maganin dajin nan, ya cinye ka, ya zubar maka da gashi har gira, ba za a sake zura maka bututu a yi maka allurar gwajin nan ba, gida za ka koma ka jira ikon Allah. Ni ina kuka, kai kana zuba kamar rediyo. Na tattara kwanuka cikin fushi, na haɗa da kofin, na tafi. Sai da na tsaya bakin famfo a gida zan wanke shi na ga ko danshi babu. Na kifa shi, na sa yatsa, na ɗaga shi a haske. Wayyo ni! Ina yawun ya tafi, masoyina, in ba haɗiye shi ka yi ba?

Da takalma wari da wari na koma asibiti. Na tare likita a baranda ina haki, da kofi a hannu kamar mahaukaciya. Ba ta yi mini dariya ba. Ta zaunar da ni ta sake yi mini bayani: wata ƙwayar cuta ce suka karya wa lago, suka ɗora mata saƙon gyara na ƙwayar halitta, suke aika ta har cikin ƙarin da ya toshe ka, don ya yi laushi, kemo ya samu ya ci shi. Ta ce gwaji ne, ba ta yi mini alkawarin komai ba, sai hoto ya nuna. Amma ta ce alama ce mai kyau, ta yiwu hanya ta fara buɗewa. Wallahi har ƙasa na durƙusa don murna.

Haba, farin watana! Yanzu da ruwa ya fara tsattsafowa a rijiya za ka jefar da guga? Kai da kake lallashin yaran mutane a kan kujerar aski, kana ce musu su daure, saura kaɗan? Lallai wanzami ba ya son jarfa! Na san da zafi. Na ga yadda kake amai, na ga yadda rigarka take lilo a jikinka, kuma da ana raba ciwo da tuni na ɗauke maka rabi da ɗoriya. Kewarka nake yi, maigida. Tun da ka daina ci, a tsaye nake cin abinci a kicin, don tabarmarmu ta yi mini faɗi.

Gobe likita za ta zo ta tambaye ka ko za a ci gaba. Ba wanda zai amsa maka, ni ma ba zan iya ba. Don Allah, don ƙaunar da ke tsakaninmu, ka ce mata e. Kafin ka buɗe baki, ka ɗan tsaya, ka haɗiyi yawu sau ɗaya, ka ji da kanka.

In ka ce e, ina tare da kai. In ka ce a'a, zan zo in ɗauke ka mu tafi gida, in yi jinyarka ba tare da gori ba. Amma ka sani, ban gama da kai ba tukuna, ina son ganin furfurarka.

Taka har numfashina na ƙarshe, mai gashi ko marar gashi,
Matarka