Kwaɗo a Kan Kwaɗona

Litinin, 3 ga Maris
Mai ginin da nake haya ya faɗo shago yau, ko sallama babu. Wai in kwashe kekunan ɗinkina kafin ƙarshen wata, surukinsa zai buɗe shagon waya. Na ce, "Baba, yarjejeniyarmu saura wata tara." Ya ce, "Ni da mijinki na yi magana, shi kuwa ya rasu." Shekara huɗu ina gaida mutumin nan har ƙasa. Allah ya isa.

Laraba, 5 ga Maris
Ya yanke min wuta, wai gyara ake yi. Shagon mai aski da ke jikin nawa kuwa fanka sai juyawa take. Na jawo tsohon keken ƙafa daga lungu, na yi ta takawa har gwiwata ta yi tsami. In ya san wata, bai san wata ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na tarar da kwaɗo a kan kwaɗona, da takardar notis manne a ƙofa. Ɗinkin mutum goma sha ɗaya na ciki. Na ɗauko dutse. Mai aski ya riƙe min hannu, ya ce, "Yaya, kar ki ba shi abin da yake nema." Na yar da dutsen, amma na zagi tsohon nan zagin da ban san na iya ba. Yana zaune a benci yana sakace abinsa. Na tsane shi, na rubuta ne don kar in manta.

Talata, 11 ga Maris
Na ga lauya. Ofishinta bai kai shagona ba, amma bakinta kamar reza. Abin da na riƙe: mai ginin ba shi da ikon kulle min shago ko yanke wuta, kotu ce kaɗai ke tashin ɗan haya. Kar in taɓa kwaɗon, in ɗauki hotonsa kullum. In an buɗe kar in fitar da ko allura, in ba haka ba sai ya ce da ƙafata na tashi.

Ta ɗora notis ɗin kusa da yarjejeniyar, sai ta fara murmushi. Ashe sunan marigayi mijina tsohon ya rubuta a notis ɗin. Takardar da muka sabunta kuwa sunana ne a kai, ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro. Bai taɓa karantawa ba, don a wurinsa har yau ni matar tela ce, ba tela ba. Ta ce, "Malama, mamaci ya bai wa notis. Sai ya je can ya tashe shi." Na yi dariya a gabanta. Kukan sai a matakala ya zo.

Alhamis, 13 ga Maris
Mata biyu sun zo karɓar ɗinki, na nuna musu ƙofa. Ɗaya ta ce ita da ni har abada.

Alhamis, 27 ga Maris
Kotu ta ce ya buɗe, ya maido wuta. Da hannunsa ya buɗe, a gaban 'yan layi. Makullin ya faɗi sau biyu, ina tsaye ban duƙa ba. Ya ce, "Wata tara ai kamar gobe ne." Na ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Litinin, 7 ga Afrilu
Ga wuta, ga aiki ya fara dawowa. Amma kullum da safe sai na wuce ta gaban bencin nan, ga tsohon zaune. Sau biyu ina haɗa hannun riga a baibai, ni da ba na warware ɗinki.

Yayata ta matsa wai akwai shago bayan tasha. Na je ne kawai don ta rabu da ni. Tagarsa babba, haske har kan daɓe. Tef dai dama yana wuyana, shi ya sa na auna ƙofar. Teburin yanka zai shiga.

Ba tashi zan yi ba, ai da sauran watannina. Na dai karɓi lambar matar da ke da shagon.