Lambar da ban faɗa wa kowa ba

Dry Fork, Texas
Lahadi, bayan coci

Zuwa ga Yayata Wanda Faye,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki Orval, wanda yafi kowa kyau a ƴaƴan Mama, ko kin yarda ko baki yarda ba. Ina fata takardar nan ta sameki lafiya ke da maigida Harlan. Allah ya ƙara masa sauƙin gwiwa, ya tsareku da sanyin Alaska da ba mai zama cikinsa sai masu taurin kai irinku. Mu nan lafiya lau. Matata Opal tana nan tana mulkinta, shanu sunyi ƙiba, nima na ɗan tayasu. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni da biro tun makaranta bama ga maciji.

To zauna kiji abinda ƙaninki yayi. Kinsan ƙaramar bindigar Baba da ya bar min. Shekara ashirin tana cikin akori-kurata, a akwatin tsakanin kujeru inda nake ɗora gwiwar hannu, ita da tsumma da alewar minti. Kowa anan haka yake yi. Bana jikata Tessie ta cika shida ta shiga makaranta, nace ni zan riƙa ɗaukota duk Juma'a muje shan askirim, mu wuce gona taga maruƙa. Sai uwarta Charlene, ƴata da ta kwaso halinki kaf, tace Baba sam. Wai muddin bindiga na kwance kusa da alewa, ƴarta bazata taka motar ba. Nace ke yarinya, ni na koya miki tuƙi a motar nan! Tace ai shi yasa ta sani. Tana aikin jinya, tace ta ga abinda bata so ta ba ni labari. Yaya, duk surutuna sai na sallama, don yarinyar nan Tessie ita ce farin cikina.

Sai nayo odar akwatin ƙarfe na kulle bindiga wanda aka ƙera daidai ramin wurin. Na kwashe tarkace, na kwance noti biyu na ƙasa, na zura akwatin ya zauna cif kamar tare aka haifesu, na ɗaure notin ta ciki yadda ɓarawo bazai kai hannu ba sai ya buɗe. In ka rufe murfin sama baka ganin komai. Makullinsa lambobi ne huɗu da ake murzawa. Takardar tace aikin minti ashirin ne, ni na ɗauki yini guda saboda ni mai aiki da kyau ne, kar ki saurari Opal da take cewa a juye na fara sakawa. Abokina Buford yazo da ƙarfen cire taya yace, kai tsohon banza matsa in nuna maka gwangwani ka saya. Ya danna, ya ja, yayi nishi har wandonsa ya yage ta baya, akwati ko gezau.

Lambar kuwa na saka 1974, shekarar da na zauna daƙiƙa takwas kan bijimin nan a wasan hawan shanu. Nasan zaki ce shida ne, to kina can nesa baki gani da kyau ba. Daɗi ya kamani, na bada labarin lambar a gidan shan kofi, na sake badawa ranar Lahadi kan tebur ana cin gasasshen nama, kowa na zaune.

Ranar Asabar Charlene tazo duba aiki, fuska a ɗaure kamar mai binciken gwamnati. Ta girgiza, ta ja, ta leƙa ƙasa, naga ta fara sakin fuska. Ni kuwa na riƙe ƙugu ina cewa ko bankin gari bashi da irinsa. Sai Tessie ta taka matakalar mota ta leƙo, da ƴar muryarta tace, Kaka in buɗe maka? Ɗaya, tara, bakwai, huɗu, shekarar bijimi! Tana dariya tana jira in yaba mata. Na kalli ƴan yatsunta, na kalli makullin. Murzawa kawai ya rage. Ranar na gane da gaske baki shike yanka wuya.

Charlene bata ɗaga murya ba, gara ma da tayi. Tace Baba akwatinka yayi, bakinka ne bashi da murfi. Ka canza lamba, na baka sati biyu, in naji ta a bakin ko mutum ɗaya a garin nan magana ta ƙare. Ta kama hannun ƴarta suka tafi.

Na canza a take. Kuma kinsan ni, ko kyautar Kirsimeti ban taɓa iya ɓoyewa kwana biyu ba. Sati biyun nan sun fi min zaman bijimi wuya. A gidan kofi suka sa ni gaba. Buford yace, haba sarkin baki, faɗi ta farkon cikin huɗun kawai mu rage maka nauyi, kana kumbura kamar saniyar da taci ɗanyar ciyawa. Nace ka fara ɗinke wandonka tukuna. Suka yi ta cinka, ranar aurena, lambar gida, nauyin kifin da na kama. Nidai kofi nake kurɓa gumi na zuba. Opal ma ta gwada, tace shekara arba'in da shida muna tare zaka ɓoye min? Nace ranki ya daɗe, komai nawa naki ne banda wannan.

Ranar Alhamis ta ƙarshe sai ga Charlene da kek mai zuma irin wanda nake so, tana ta murmushi. Tace Baba ka yi ƙoƙari, amma ka tsufa, gaya min ni kaɗai ko zaka manta. Lambar tazo min har bakin leɓe. Nace ƴar nan, ni na haifeki, ina sonki, kek ɗinki zan cinye, amma ko ke bazaki ji ba. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa. Ta fita, nace shikenan na ɓata. Sai gata ta dawo rungume da kujerar yara daga motarta, tace zo in nuna maka yadda ake ɗaureta.

Shekaranjiya Juma'a ni na tsaya a ƙofar makaranta da sabuwar hula, na riga kowa zuwa da awa guda. A hanya Tessie tace Kaka wace ce sabuwar lamba? Nace bazan faɗa ba. Tace yauwa, don Mama tace in ka faɗa in kai mata rahoto. Kinji irin dangin da nake ciki! Muka sha askirim biyu biyu, ta raɗa wa maraƙi suna Buford.

Ki gaida Harlan, ki gaida ɗanki Dwayne da matarsa Loretta da ƴan biyunsu. Opal da Charlene suna gaisuwa, Tessie ta zana miki doki a bayan takarda, ba kare bane. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki ƙani, gwanin gwanaye,
Orval