Injin Baba da Mangwaron Maƙwabci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibitin nan da ba ya ƙarewa. Mu nan sai godiya. Mama ta samu sauƙin ƙafarta. Auta ya gama jarrabawa, ya ce ta yi kyau, kamar dai yadda ya ce bara.

Maganar injin kwashe ganye da kika ce a saya wa Baba ce ta sa na rubuto, kuma gara ki zauna kafin ki ci gaba. Kin san tun da likita ya hana shi sunkuyawa bai fasa sharar safe ba. Kin kuma san ganyen na mangwaron maƙwabcinmu Mai Agogo ne, wanda rassansa suka ƙetaro katanga, kuma a inuwarsu Baba yake wuni a kujerarsa. Tun muna yara suke abu ɗaya: Baba na shara yana mita, Mai Agogo na amsawa ta bayan katanga cewa wanda ya sha inuwa shi ke kwashe ganye. Ni da duk karatuna na ɗauka faɗa suke yi.

Na kai Baba kanti ina shirin lallashi. Mai kanti ya jera mana injunan: mai waya, wanda za ka yi ta ja kamar akuya a igiya, mai batir, marar nauyi amma mai saurin gajiya, da wani mai niƙe ganyen a cikin jakarsa. Ina ta ɗaga su ina auna nauyi saboda bayan Baba, shi kuwa ko ɗaya bai kula ba. Sai da mai kanti ya nuna maɓallin wani, ya ce in an juya shi injin ya daina zuƙa ya koma hurawa. Nan take Baba ya ce shi yake so. Ya fi sauran nauyi, ƙararsa kuma kamar ta babur, amma na yi murna tsoho ya karɓi zamani. Ashe ba zamani ya karɓa ba, makami ya samu.

Washegari bai zuƙi ko ganye ɗaya ba. Ya tara su kaf, ya saita bakin injin a rariyar gindin katanga, ya hura su cikin gidan Mai Agogo, har kan shanyar matarsa. Yana yi yana dariya, yana jiran amsa. Shiru. Kwana biyu ya maimaita, ba wanda ya tanka.

Yaya, na dawo daga aiki na tarar da rana a tsakar gidanmu. Na tsaya riƙe da jaka ina kallon sama, na kasa gane abin da ya ɓace. Mai Agogo ya kawo masu zarto sun sare mangwaron tun daga tushe. Matarsa ta gaya wa Mama cewa ba fushi ya yi ba, kunya ya ji. Wai tunda har ganyensa ya kai ga sayen inji, ashe da gaske ya dami mutane duk shekarun nan. Wasa ya zama gaske, kuma bakin alƙalami ya bushe.

Yanzu tsakar gida fes take, injin na cikin kwalinsa, Baba ya mayar da kujerarsa ɗaki. Abinci ma sai Mama ta matsa masa. Jiya da safe na gan shi ya dafa katanga, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko kututture yana sake toho. Mai Agogo ya amsa ta bayan katanga: "In ka hura masa, wataƙila." Baba ya tsaya nan har rana ta kore shi. Don Allah ki kira shi, amma kada ki tambaye shi ko injin yana aiki.

Ki gaishe da maigidanki, da Ƙaramar Mama, da sarkin ɓarna mai sabon haƙori. Mama da Auta da Gwaggo suna gaishe ku.

Taki har kullum,
Ƙanwarki