Kebul Ɗin Yayana, Motar Surukina

Malam, don Allah ka agaza min, abin duniya ya ishe ni.

Ni mai gyaran lantarkin mota ne, garejinmu ɗaya da yayana. Na daɗe ina masa naci cewa tsohon kebul ɗinmu, wanda ke haɗa kwamfuta da mota mu gano ciwonta, ba ya karanta motocin yanzu. Da ya gaji da mitata sai ya kwaso wani jabu a leda, ko kwali babu, wai ai waya waya ce.

Ranar kuwa surukina ya kawo motarsa, wata 'yar fitila ce kawai ke kamawa a gaban sitiyari. Ni da son burge uban matata, na jona kebul ɗin na fara sabunta manhajar ƙwaƙwalwar motar. Ana tsakiyar aiki ya yanke. Motar da ta shigo da ƙafarta, yau ko tari ba ta yi, kyanwar gareji ta mayar da ita ɗaki.

Abin da ke ci min rai, yayan nawa ya bi dangi yana cewa rawar kaina ce. Surukina kuwa bai ce uffan ba. Kullum da safe sai ya wuce ta ƙofar gareji a ƙasa, dattijo mai ciwon gwiwa, ya yi min sannu da aiki. Wallahi gara ya zage ni. In fasa ƙwai in raba gari da yayana, ko in haɗiye?

Wanda Aka Shafa wa Kashin Kaji

Ɗan'uwa, yayanka bai kyauta ba. Araha ba ta ado, kuma ɗora maka laifin ya fi sayen jabun muni. Amma hannunka ne ya jona, kuma ba a gwajin sabon kebul a motar suruki. Karanta ciwo daban, rubuta wa ƙwaƙwalwa daban; a na biyun ne asirin jabu ke tonuwa.

Ku duba irin motocin da suka fi shigo muku, ku sayi kebul na asali da ya dace da su, a wurin dila mai ba da garanti da sabuntawa. Kada ku taɓa ƙwaƙwalwa sai batir na kan caja. Wannan motar kuwa, a kai ta wurin masu kayan aikin kamfaninta, sau da yawa akan farfaɗo da irinta.

Raba gari ba yanzu ba. Ka gaya wa yayanka gaskiya a ɗaki. Amma gobe kada ka jira sannun dattijo. Ka riga shi fitowa, ka durƙusa ka faɗa masa abin da ya faru, ka riƙa kai shi inda za shi har motarsa ta tashi. Shirun nan don 'yarsa yake yi, kuma gwiwarsa ce ke shan wuyarsa. Allah ya daidaita tsakaninku.